Yadda Batir Ɗina Ya Mai Da Kawu Mace

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Yelwa zuwa Wara, ko ya zauna bakin ruwa yana jiran jirgin fito, ya san waƙar nan ta 'yar gungu, wadda ake cewa, "Na tuƙa jirgi bisa ɗakin inna, ban yi sallama ba." An yi ta da kalangu, an yi ta da goge, mata sun yi ta da ƙwarya, har wani saurayi mai askin zakara ya yi ta da fiyano. Kowa kuma ya san mai ita: wata kyakkyawar mace mai siririyar murya, da ta rasu da ƙuruciyarta. To, ni na san matar nan. Tana da gemu, tana cin taba, ƙafarta ba ta shiga takalmin kanti, kuma ƙanen innata ce.

Kawuna masunci ne. An haife shi a wani tsibiri, gungu kamar yadda muke cewa, kafin a datse Kwara ruwa ya taso ya shanye garuruwa. Yana saurayi aka kwashe su zuwa sabon gari kusa da Wara, aka ba su gidajen siminti waɗanda, in ji shi, an gina su ne don gasa mutane. Bai fito da kome daga tsohon gari ba sai tabarma da filafilin tuƙa jirgi. Wata rana yana kamun kifi a tsakiyar tafki, sai ya dubi duwatsun gaɓa ya gane cewa daidai saman gidansu yake, ɗakin mahaifiyarsa yana can ƙarƙashinsa. Nan waƙar ta zo masa. Shekaru yana yin ta shi kaɗai, yana buga filafili a gefen jirgi maimakon ganga.

Muryar Kawu kuwa ba irin wadda ake yi wa yaro rarrashi da ita ba ce. In ya yi gyaran murya a Wara, kaji na watsewa a Ngaski. Akwai lokacin da ya kira wani daga tsallaken ruwa, dorina ta amsa.

Ni ne na jawo masa bala'in, kuma da kyakkyawar niyya, kamar yawancin bala'i. Shekarar da na yi auren fari albasa ta yi kyau, na sayar na sayi rakoda mai cin batir shida. Ba a taɓa ganin irinta a unguwarmu ba. Nakan rataya ta a kafaɗa ko gaisuwar mutuwa za ni. Abin da ba a gaya mini ba shi ne cin batirinta ya fi cin amaryar ita kanta. Sai na bi hanyar da kowa ke bi a ƙasarmu: in batir ya yi sanyi, a jera shi a kan kwano a shanya shi a rana kamar kuɓewa, a ɗan ciccije shi da haƙori, a mayar. Mu a wajenmu batir ba ya mutuwa, suma yake yi. Ina da wasu guda shida da suka fi ni sanin rufin ɗakinmu.

Da waɗannan shanyayyun na je wa Kawu wata rana da hantsi, na same shi yana gyaran komar kamun kifi a gindin giginya, akuyarsa na ɗaure kusa da shi. Na ce zan ɗauki waƙarsa a kaset. Ya yi ta jan aji, ya ce shi ba maroƙi ba ne. Da na ce to shi ke nan, na fara naɗe kayana, sai ya ce in zauna, ba a yi wa babba gaggawa. Ya kife wani tsohon jirgi ya zauna a kai, ya ɗauki filafili ya fara. Ya yi ta tun daga fari har ƙarshe, akuya na taya shi, ya yi tari sau biyu saboda taba. Da ya gama na mayar da kaset baya na kunna masa. Muryarsa ta fito tsaf, da kaurinta da kome. Ya saurara idonsa a rufe, ya ce injin nan na da tarbiyya.

Abin da ban sani ba a ranar, mai gyaran rediyo ne ya fahimtar da ni daga baya. Batir mai sanyi a hankali yake juya kaset. In ka ɗauka da shi ka saurara da shi, ba ka jin bambanci. Amma ranar da kaset ɗin ya shiga injin da ya ƙoshi da wuta, sai ya ruga da gudu, murya ta tsuke ta haye sama.

Bayan kwana biyu na kai kaset ɗin wurin wani mai sayar da kaset a kasuwar Yelwa, don ya kwafa mini wani in ba Kawu. Shi da batirin mota yake aiki. Ya danna, sai ga wata mace ta cika kasuwa da murya kamar sarewa, kiɗan filafili ya koma na rawa. Mai tsire ya bar wuƙa. Masu ɗaukar buhunan albasa suka tsaya da kaya a ka. Ni kaina sai da na ji baiti biyu kafin na gane kawuna ne.

Mai kaset ya juyo ya tambaye ni wace ce wannan. Jama'a sun kewaye ni, kowa ya zuba mini ido, irin kallon da ban taɓa samu ba ko ranar ɗaurin aurena. A nan ne ya kamata in ce kawuna ne, batir ne ya yi sanyi. Sai na ji bakina ya ce wata ce daga can cikin gungu, ba ta son a san ta. Na ƙara da cewa tana da kunya ƙwarai. Ban san inda na samo wannan ba.

Kafin in kai gida ya kwafi ashirin, ko ɗari biyu, ya danganta da wanda nake ba labarin. Ya rubuta "'Yar Gungu" a bayan kowane da jan biro. Da yake kaset ɗinsa gajere ne, ya yanke baitin ƙarshe da duk abin da ya biyo baya, ya cike wurin da wa'azi.

Daga nan tarihin matar ya fara tsiro da kansa, ba ruwana. Kukan akuyar Kawu ya koma kukan jariri, aka ce tana waƙar ne da marayan ɗanta a baya. Tarin taba ya koma shessheƙa. Na ga dattijuwa tana share hawaye daidai wurin tarin nan, tana cewa duk wadda ta taɓa haihuwa ta san wannan kukan. Mutanen Shanga suka ce tasu ce, an ji a harshenta. Mutanen Ngaski suka ce ƙarya ne, a wajensu aka yi mata aure. Na Birnin Yauri ba su yi gardama ba, sun ce dai kakarta tasu ce. Da aka shekara ba wanda ya gan ta, sai aka kashe ta. Wasu suka ce jirgi ya kife da ita, wasu suka ce wajen haihuwa ne. Na taɓa jin ta a rediyo, mai gabatarwa ya ce a yi wa marigayiya addu'a, na shafa tare da kowa.

Kowane mai kaset ya kwafa daga na wani, kowane inji da nasa gudun. Akwai kwafin Shanga, wanda matar ta ƙara sirancewa har ta kusa zama sauro. Akwai wanda ya zo daga wajen Kwantagora mai shuu kamar ana ruwan sama, aka ce wannan ne na asali, a cikin jirgi aka ɗauka ana hadari. Wani mai goge ya yi tasa ya cusa sunayen masu gidansa a ciki. Mata suka ɗauke ta zuwa gidajen biki suka mai da ɗakin inna ɗakin miji. Da waya ta zo, masu tura waƙoƙi a kasuwa suka zuba ta a memori, da hoton wata baƙuwar mace mai jan baki wadda na tabbata ba ta taɓa ganin tarwaɗa da rai ba.

Shi kuwa Kawu, a wani shagon shayi ya fara jin ta. Bai gane kansa ba. Wa zai gane? Ya dawo gida yana huci, ya ce wata ɓarauniya ta laɓe a cikin ciyawa ta sace masa waƙa, har da bugun filafilinsa. Ya tambaye ni nasa kaset ɗin, na ce rakoda ta cinye shi. Ya shiga gaya wa mutane waƙarsa ce. Aka yi ta dariya. Ƙaton mutum kamar kuka, ya rasa abin da zai yi wa ƙwace sai matacciyar marainiya. In ya fara rerawa a bakin ruwa, sai masunta su ce Kawu na kwaikwayon mata, wani ya ɗaura gyale ya yi masa rangwaɗa. Tun yana zagi har ya daina. Daga baya ya daina waƙar gaba ɗaya. Jirginsa ya koma fita shiru ya dawo shiru. Ni kuma na ga duk wannan, na ci gaba da cin tuwona. Kowace shekara nakan ce bana zan faɗa, sai in tuna girman tafin hannunsa.

Wanda ya fi kowa cin ribar marigayiya shi ne wani Alhaji dillalin kifi a Yelwa, wanda ya shekara talatin yana sayen kifin Kawu. Duk bakin ruwa an san shi da magana ɗaya. Ko kifi na tsalle a gabansa yana fesa masa ruwa a ido, zai taɓa shi da yatsa ya ce, "Kifin ga ya kwana." Wannan Alhajin ne ya wayi gari ya tuna cewa ya taɓa neman 'yar gungu da aure. Da fari ya ce sau ɗaya ya gan ta. Da shekaru suka tafi, sai ga wushirya ta fito mata, ga dogon wuya, ga wani ɗan tabo a kumatu. Ya ce ya kai goro gidansu, iyayenta sun karɓa, ajali ne ya riga shi. Baitin nan na "ban yi sallama ba" ma, in ji shi, da shi take, don ya taɓa yin fushi ya wuce ƙofarsu. Yakan faɗi haka a gaban Kawu, yana taɓa kifin Kawu, yana ce masa ya kwana.

Abin da ya tsinke igiyar shi ne saurayin nan mai fiyano. Ya sake yin waƙar a situdiyo, da wata murya ta inji kamar an shaƙe agwagwa, aka yi bidiyo, aka sa Alhaji a farkonsa da babbar riga yana ba da tarihin masoyiyarsa. Jikokin Kawu suka kawo masa a waya. Innata ta ce ya kalla har ƙarshe, ya tashi ya shiga ɗaki, ranar bai ci abinci ba.

Washegari ta aiko a kira ni. Inna ta tsufa, amma idonta na nan. Ta ce ita tun ranar farko ta san muryar ƙanenta ce, don haka yake kuka yana ƙarami in an hana shi ɗumame. Ta kuma san wa ke yawo da rakoda a lokacin. Ta yi shiru ne tana jiran in yi hankali, ga shi har na yi furfura bai zo ba.

"Wanga mutum ba shi da gona a tsohon gari, ba shi da kabarin uwa da za shi ziyarta," in ji ta. "Waƙag ga ita ɗai ta rage mai, ka ba wata macce da ko haihuwarta ba a yi ba. Ka maido mai abinai tun shina da rai."

Na je na faɗa wa Kawu, na tsaya daidai inda filafili ba zai kai ba. Ya ji ni har ƙarshe. Sa'an nan ya tambaya, wato ɓarauniyar da ya shekara talatin yana tsine wa, shi ne? Na ce shi ne. Ya ce to Allah ya isa bai bi ta kan kowa ba sai ni.

Kaset ɗin na asali yana nan a ƙasan akwatin matata, rakoda kuma a rumbu, kaza ta yi ƙwai a kanta. Mai gyara ya canza mata roba ta tashi. Wahalar ita ce batir. Na sa sababbi, sai ga 'yar gungu. Na sa matattu, sai ga wani aljani yana nishi a rijiya. Kawuna yana wani wuri tsakanin su biyun, kuma ba a sayar da batir mai rabin rai a kanti. Na bi gida-gida ina roƙon tsofaffin batiran tocila, har aka fara cewa na taɓu. Na kwana uku ina shanya, ina cizo, ina gwadawa. Haƙorina ɗaya na gaba a wannan aikin ya tafi. A ƙarshe na gano dabara: in sa masu ɗan ƙarfi, in bar su su yi sanyi waƙar na tafiya.

Ranar kasuwa da safe muka isa rumfar Alhaji a bakin ruwa, ni da Kawu da rakoda. Wurin cike da masunta da mata masu banda. Na ce na samo kaset na ainihi na marigayiya, na kawo wa wanda ya fi kowa kusa da ita. Alhaji ya sa aka ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Na danna. Muryar ta fito siririya, ya rufe ido ya dafe ƙirji, ya ce wayyo, kamar yau, har ƙamshin turarenta yake ji.

A baiti na biyu muryar ta ɗan yi kauri. Alhaji ya ce ranar tana mura, ya tuna. A na uku ta koma ta matashin da ya fara gemu. Jaririn da ke bayanta ya buɗe baki ya ce mee. Wata mai banda ta ce wannan yaro dai akuya ne. Kafin a kai baiti na huɗu, Kawu ne zaune a cikin rakoda, da tarinsa na taba, ga kuma wani Kawun tsaye a gefe ya harɗe hannu.

Alhaji ba ƙaramin dillali ba ne, bai faɗi nan take ba. Ya ce wannan wasan yara ne, kowace mace ka sa wa mataccen batir namiji za ta koma, a kawo kaset ɗin kowace zabiya a gani. Wasu suka ce gaskiya ne. Ni kuwa ban shirya wa wannan ba.

Kaset dai na ta juyawa. Ya wuce inda duk kwafin duniya ya tsaya, ya shiga baitin da mai kaset ya yanke, wanda ba wanda ya taɓa ji. Sai Kawu na tsaye ya buɗe baki ya bi na cikin inji, kalma bisa kalma, inda yake cewa in ya mutu kada a kai shi tudu, a sauke shi ya gyara wa inna rufi. Murya biyu iri ɗaya, ɗaya ta tsufa. Rumfar ta yi tsit. Waƙar ta ƙare, aka ji an ajiye filafili, aka ji takun wani ya iso gindin giginyar nan, shekara talatin da suka wuce. Na manta sam cewa ranar wani ya zo kafin in kashe rakoda. Aka ji ya taɓa wani abu a cikin kwando, sa'an nan wata murya da duk bakin ruwa ya sani, ba mace ba, ba aljani ba, daidai yadda take har gobe, ta ce, "Kifin ga ya kwana."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wata mata ta faɗa cikin kwandon warangi, ƙananan kifayen nan. Wani ya ce ashe dai Alhaji bai yi ƙarya ba, ya je wurinta. Kawu bai yi dariya ba. Ya matsa gaban Alhaji, ya sunkuyo da gemunsa daidai fuskarsa, ya buɗe baki ya nuna masa haƙoran da taba ta rina.

"Alhaji, ga ni, ban mutu ba. Duba da kyau, ina wushiryar? Goron da ka kai gidanmu kuma ban gani ba, ko wajen akuya ka ba da shi?"

Alhaji ya ce yana da alwalar da zai sabunta. Har yau in ya taɓa kifi a rumfar nan, kafin ya buɗe baki wani zai tambaye shi lafiyar amarya. Ya koma cewa kifin ba laifi.

Ba zan ce duniya ta gyaru ba. A waya har yanzu matar nan mai jan baki ce ke da waƙar. Na aika wa mai fiyano saƙo, ya ce labarin marainiya ya fi shiga. Mutanen Shanga sun ce ko an yi haka, to Kawu ne ya koya a wurinta. Amma daga Wara zuwa bakin ruwan Yelwa an san mai ita, kuma ba wanda ya ƙara ɗaura gyale ya yi wa Kawu rangwaɗa.

Hukuncin da Kawu ya yanke mini shi ne in tuƙa shi zuwa tsakiyar tafki, ni da ban taɓa tuƙa kome ba sai baki. Muka fita da hantsi, ina haki, yana gyara mini riƙon filafili da zagi. Da muka kai wani wuri da ni ban ga bambancinsa da sauran ruwa ba, ya dubi duwatsun gaɓa ya ce in tsaya. Ya karɓi filafilin, ya buga a gefen jirgi, ya yi waƙar tun daga fari har baitin rufi. Muryar ta dushe, numfashin ya gajarta, amma wasu tsuntsaye sun tashi daga nesa, na ga alamar har yanzu ana jin tsoronta.

A hanyar dawowa ya ce in kunna masa ta matar a wayata. Na ɗauka jefa ni ruwa zai yi. Ya saurara har wurin kukan jariri, ya tofar da taba.

"Ja'ira ta iya waƙa," in ji shi. "Sauri ne ya yi mata yawa."